Waƙar da Masta Ya Hana Mu Koya

Ku yaran nan kuna ba ni dariya. Jiya ina zaune a bayan coci ina goge ƙahona, na ji ɗayanku yana cewa wai busa ai ba aiki ba ce, iska ce kawai, iska kuwa kyauta Allah ya ba kowa. Wani ya danna kibod ɗinsa sai ga kukan tirampet, ya danna wani wajen sai ga tarambon, ya juyo yana mini murmushi, wai, "Kawu Yakubu, ka ga mun sallame ka." To madalla, na gode da sallama. Amma ku jawo benci tukuna, in ba ku labarin yadda mu tsofaffi uku muka tashi busa wa maigidanmu waƙarsa kafin ya mutu, muka tarar babu wanda ya san ta a cikinmu, shi kuma mai ita yana zaune a gabanmu ba baki. Sai dai dole ku fara jin yadda ake aikin, in ba haka ba ba za ku gane inda abin ya ɓaci ba.

Ranar da aka kai ni wajen Masta Ishaya bai ko tambayi sunana ba. Cewa ya yi in buɗe baki. Ya duba haƙorana kamar mai sayen jaki, ya kama hannuna ya miƙar ya ga tsawonsa, ya ce, "Tarambon." Shi ke nan, an yanke mini sana'ar rayuwa saboda ina da dogon hannu. Tarambon shi ne ƙahon nan da ake ja ana turawa, ba shi da madanni ko ɗaya, kunnenka da hannunka su ne ma'auni. Amma kada ku zaci an ba ni ƙahon. Bakinsa kawai aka ba ni, ɗan ƙarfen nan da ake ɗorawa a leɓe, aka ce in je in yi ta hurawa har ya daina kukan agwagwa. Leɓena ya kumbura, ya fashe, na shafa man kaɗanya, ya sake fashewa. Matan gidanmu a unguwar Luggere suka ce ko ni ko su, don na hana jariransu barci.

Da aka ba ni ƙahon gaba ɗaya sai na riƙa ɗaukar keke ina tafiya bakin tafkin Njuwa, inda ba mai kai ƙarata. Ranar farko na cika ƙirji na saki wata doguwar ƙara mai kauri. Ina buɗe ido sai ga shanu sun bar kiwo sun taho, sun kewaye ni suna kallona. Na sake hurawa, wani bijimi ya amsa. Mai shanun ya iso a guje yana faɗa da Fillanci, sanda a sama, ni kuma ina ta "useni, useni," wato "don Allah," don ita kaɗai na iya a lokacin. Da ya huce ya ce in dai kiran shanu nake koya, in riƙa zuwa da yamma lokacin komawa ruga, in rage masa wahala. Har nono ya ba ni. Su ne 'yan kallona na farko, kuma wallahi har yau ban samu masu natsuwa kamarsu ba.

Shi Masta mutumin wajen Numan ne, gajere, ga faɗin ƙirji, ga faɗa. A badujala ya fara tun yana saurayi, yana busa wa masu fareti. A lokacin jiragen kamfani suna hawo Binuwai da damina, su sauke gishiri da atamfa su kwashi gyaɗa, kuma a cikin kayan akawunan jirgin akwai fayafayan garmaho na manyan makaɗan ƙasashen waje, irin kiɗan da ake ce wa suwin. Masta ya ji, ya haukace. Zai sa faifai ya yi ta maimaitawa har allura ta cinye shi, yana tsinto layin kowane ƙaho da kunne, don bai taɓa sanin rubutun kiɗa ba. Daga baya ya riƙa haɗa nasa, ya ɗauko bugun gangar masunta na garinsu ya ɗora a ƙarƙashi. Ya kan ba mu labarin shugabannin makaɗan can kamar tare suka yi wasan ƙasa: wane farar kwat yake sawa, wane ya kori mabushi saboda bai goge takalmi ba. Don haka shi ma ya ɗinka farar kwat, mu ma muka sha gugar takalmi. In mun jeru, masu saksafon a gaba, mu 'yan tarambon a tsakiya, masu tirampet a tsaye a baya, mai ganga a gefe, sai ka rantse ba a Jimeta kake ba.

Wata Asabar ta ƙarshen wata, a kulob ɗin ma'aikata, sandar tarambon ɗina ta maƙale ana tsakiyar waƙa. Na ja, ta ƙi. Na tura, ta ƙi. Sauti ɗaya na yi ta busawa har aka gama, Masta yana hararata ta gefen ƙahonsa. Da aka tafi hutu wata nas ta buɗe jakarta ta ba ni man shafawarta, na laƙaba wa sandar, na fesa ruwa da baki, sai ga ta tana sulɓi kamar tarwaɗa. Tun daga ranar ban rabu da kwalbar man mata a akwatina ba, matata ta yi ta bincike har ta gaji. Masu tirampet su man keken ɗinki suke ɗigawa a madannai. Gogewa kuwa toka da lemon tsami. In ƙaho ya huje ana cikin aiki, kakin zuma za ka liƙa, gari ya waye ka kai wa mai gyaran lagireto ya sa dalma. In kana so ƙahon ya yi kukan nan na "wa-wa" kamar jariri, ƙaramin ƙoƙo za ka kifa a bakinsa kana buɗewa kana rufewa. Kuma ba a cin gyaɗa kafin aiki. Wani abokinmu ya ci, ya hura, ɓawon ya toshe masa madanni, sai da aka kwance ƙahon a gaban amarya.

Masu rawa kuwa su ne makarantar gaske. Akwai wani babban akawu mai tumbi da ba ya fashin zuwa, kuma Allah bai ba shi ƙafar rawa ba ko kaɗan. Masta ya ce mana, "Kada ku kalli gwani, gwani ko da tafi zai yi rawa. Ku kalli wancan. In ƙafarsa ta kama, kiɗa ya zauna." To haka muka yi shekaru muna busa wa tumbin mutumin nan, bai sani ba. Ga malaman makaranta masu son a yi sanyi-sanyi, ga 'yan kasuwa masu ihun "faya, faya," ga wanda ya sha ya ƙoshi zai hau dandamali ya rungume ka, ya yi maka gurnani a kunne, ya ce waccan waƙar yake so. In ka ce ba ka gane ba, ya ce ka raina shi.

Yanzu ku buɗe kunne, don nan ne gindin maganar. Masta ba ya koya wa mutane waƙa a taro. Ɗaya bayan ɗaya yake kiranmu ɗaki, ya rufe ƙofa, ya rera maka naka layin da baki har ya zauna maka a hannu. Sai kowa ya iya nasa sannan a haɗu. Uwar waƙa kuwa, wato sautin da ke tafiya a sama wanda mai rawa ke ji, tasa ce shi kaɗai. Mu duka 'yan rakiya ne. Dalili, wani mai tirampet ya taɓa zama da shi ya kwashe waƙoƙinsa kaf, ya gudu Jos ya kafa nasa gungun. Tun daga nan Masta ya kafa doka: wanda aka kama yana busa uwar waƙa, ko da fito ne a bayan gida, shi zai ɗauki babbar ganga a ka daga wajen aiki har gida. Buba mai gangarmu ya taɓa faɗawa tarkon, ya ce ai dama gangarsa ce, Masta ya ƙara masa da akwatin saksafon.

A cikin waƙoƙin akwai wadda ya fi kishi a kanta, sunanta "Jirgi Ya Iso." Matarsa Mama Saratu ya yi wa ita lokacin yana nemanta. Sau ɗaya ake busa ta a taro, ita ce ta rufewa, kuma ko gwamna ne ya ce a maimaita Masta ba zai maimaita ba.

To, zamani ya juya. Kaset ya zo, DJ ya zo, mai biki ya ga mutum ɗaya da lasifika ya fi masa sauƙi a kan ya ciyar da rundunar mabusa. Muka watse. Masta ya koma Mubi wajen ɗansa. Buba, wanda dama ɗan cikin Yola ne kuma a ɓoye yake kiɗa don kada mahaifinsa Modibbo, babban malami, ya ji, ya je Makka ya dawo, ya buɗe shagon yadi, ya zama Alhaji Buba. Bulus, wanda ya yi duk ƙuruciyarsa yana tirampet na biyu a gefen Masta, ya kama noma a Yolde Kohi. Ni kaɗai na maƙale, ina bin jana'iza da ɗaurin aure da faretin 'yan makaranta.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da mutanen arewacin jihar nan suka gudo suka cika Jimeta. Ku kuna ƙanana, ba za ku tuna sosai ba. Taro ya zama abin tsoro. Biki a falo ake yi a watse, jana'iza ba mai son ƙara, makarantu sun cika da masu gudun hijira balle a yi fareti. Na yi watanni ban hura ƙaho don aiki ba. Da na samu wani ɗan aiki a hayin gada, na ɗaure akwatin a bayan keke na tafi. A shingen bincike soja ya hango dogon baƙin akwati, sai ya ja da baya ya gyara bindiga.

"Baba, stop dia! Wetin dey inside?"

Na ce, "Tarambon ne, ranka ya daɗe."

Ashe sunan ma kama da na makami yake yi. Nan take layi ya watse, mai Keke Napep ya bar fasinjojinsa, wata mata ta jefar da tiren ayaba. Aka ce in ajiye a ƙasa, in buɗe da hannu ɗaya. Na buɗe. Ga bututu biyu dogaye suna ƙyalli, ga kwalbar mai. Sojan ya ce in haɗa ya gani. Na haɗa a hankali, don abin da ake haɗawa daga akwati a shekarar nan kun san ko mene ne. Ya ce in busa. Bakina ya bushe ƙaƙas, amma na daure na saki masa taken fareti. Sai na ga takalminsa ya fara bugun ƙasa. Ya kira abokansa, na yi musu har da na ƙoƙo, mai ayaba ta dawo tana tsince kayanta tana zagina tana dariya. Aikin da zan je kuwa na makara, an binne mutumin ba ni.

A cikin masu gudowar nan har da Masta. Da ƙafa suka bi ta duwatsu, tsoho tukuf, jikokinsa suna riƙe da shi. Tirampet ɗinsa, da farar kwat, da kaset ɗaya tak da aka taɓa ɗaukar kiɗanmu, duk suna gidan da aka ƙona. Ya sauka wajen 'yarsa Hanatu, mai sayar da abinci a Luggere. Bai daɗe ba ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya karkace, magana ta zama gurnani da ba mai ganewa. Mama Saratu kuwa ta riga mu gidan gaskiya tun kafin gudun.

Wata safiya Hanatu ta same ni a gida. Ta ce, "Kawu, Baba ya daina cin abinci. In na kai cokali sai ya juya kai. Ni dai na ga alamar ya gaji da mu ne." Ta share ido da bakin zani. "Mama ta sha ba ni labarin waƙar da ya yi mata. Ni ban taɓa ji ba, ba ya bari mu je wajen rawa. Ku busa masa ita ko sau ɗaya, Kawu. Ko ya ci, ko bai ci ba, ya dai ji ta kafin ya tafi."

Na buga ƙirji na ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne, 'yata. Waƙar da na busa har ban san iyaka ba?"

Na fara da Alhaji Buba. Na same shi a shago da carbi, ya yi mini maraba da Fillanci, "Jabbama, Yakubu," ya sa aka kawo shayi. Da na faɗi abin da ya kawo ni ya ce, "A'uzubillahi! Ni na tuba da wannan tun tuni. Ka san ni ne ma'ajin masallacin unguwa?" Na ce to ba komai, na fara kaɗa masa amshin waƙar da baki, pam, pam, pa-ram. Yana ta girgiza kai yana istigfari, amma sandar awon yadi da ke hannunsa ta fara bugun kanta. Na nuna masa. Ya kalli hannun kamar na wani ne. Ya ce, "Kai shaiɗan ne, wallahi. Don Masta kawai. Kuma ba a cikin Yola ba."

Muka haɗu a gonar Bulus, ƙarƙashin mangwaro. Sauran abokan aikinmu wasu sun mutu, wasu ba a san inda gudu ya kai su ba. Bulus ya fito da tirampet ɗinsa daga buhun iri, sai da muka zazzage gidan zanzaro daga ciki. Haƙoransa na gaba biyu na roba ne, in ya hura da ƙarfi sai sun motsa. Alhaji ya aro ƙaramar ganga daga 'yan makaranta, ya naɗe babbar riga a kafaɗa. Ya buga sanda, muka shiga. Kai, jama'a! Hannu ba ya mantuwa. Nawa ya tafi daidai inda yake zuwa, Bulus ya shigo a ƙasa-ƙasa, ganga ta zauna daram. Muna ta murna muna kallon juna. Can sai matar Bulus ta leƙo daga bukka ta ce, "To yaushe za ku fara waƙar?"

Muka tsaya. Gaskiyarta. Abin da muke yi pam, pam, shiru, pa-ram, shiru. Rakiya ce zalla, ba amarya.

Na ce, "Bulus, hau sama mana, kai ne mai tirampet."

Ya ɗaga ƙaho ya fara, sauti biyu uku sai ya zame ya koma layinsa na ƙasa. Ya sake, ya sake zamewa. Ya ce, "Ni fa a ƙarƙashinsa na saba tafiya. In yana yi ina bi. Babu shi, ban san hanya ba."

Alhaji ya ce mu matsa, shi da ya sha ɗaukar ganga a ka saboda fito ai ya san ta. Ya tattara leɓe ya yi fito mai daɗi, muna ta gyaɗa kai, sai can muka gane tallar sabulu ce ta rediyo. Ni kuma na ce ku saurara, na rera tawa da ƙarfin hali, ban yi nisa ba Bulus ya cire hula ya ce "Amin," don waƙar jana'iza na faɗa. Muka yi dariya har Alhaji ya kwanta a kan kunya yana riƙe ciki. Da dariyar ta ƙare sai tsoro ya kama ni. Dokar da muka yi ta bi don gudun ɗaukar ganga ta yi aiki fiye da yadda mai ita ya so. Waƙar nan a duniya wuri ɗaya ta rage, a cikin kan mutumin da ba ya magana kuma ba ya cin abinci.

Mun nemi tsofaffin masu rawa. Wata tsohuwar malama ta ce ta tuna ana juyawa hagu a tsakiya, shi ke nan. Alhaji ya ce mu haƙura mu ba Hanatu haƙuri. Bulus ya ce a'a, mu je mu yi masa rakiyar haka nan, ko banza zai ga fuskokinmu, in ya so ya kore mu kamar yadda ya saba.

Da la'asar muka je. Hanatu ta fito da shi tsakar gida a kujerar roba, ta rufa masa bargo duk da zafin Jimeta. Ya rame har ban so in kalle shi ba. Muka gaishe shi, ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan takalmin Bulus, wanda taɓon gona ya bushe a kai. Bulus ya ɓoye ƙafar a bayan ɗaya. Maƙwabta suka cika ƙofa. Alhaji ya ja hula ya rufe goshi don kada a gane shi, ya buga sanda, muka shiga da pam, pam ɗinmu, ramin nan yana tsakiya a buɗe.

Muna cikin yi sai hannun Masta na dama ya fito daga bargo ya hau hannun kujera, yatsu suna motsi. Hanatu ta yi maza ta kama hannun ta danne, ta mayar cikin bargo tana shafawa. Ta ce mana, "Ku ci gaba, Kawu, karkarwar ce. Kullum haka take taso masa, sai na riƙe take kwantawa."

Bulus ya sauke ƙaho daga baki. Ya ce, "Hanatu, saki hannun nan."

"Kawu, in na saki..."

"Saki, na ce!"

Ta saki. Hannun ya sake hawa kujera. Bulus ya durƙusa a gabansa har gwiwarsa ta yi ƙara, ya ƙura ido. Sai ya yi ihu, "Yakubu! Uku ne! Yatsu uku ne kawai suke motsi! Babban yatsa da ƙaramin ba sa yi!"

Ku da kuke danna kibod da yatsu goma ba za ku gane ba sai na faɗa muku. Tirampet madannai uku gare shi, manuni da na tsakiya da na kusa da shi su ke aiki. Karkarwar ciwo ba ta zaɓen yatsu. Mutumin nan busa yake yi.

Na ce wa Alhaji, "Koma farko! A hankali!" Ya buga. Yatsun suka jira daidai inda uwar waƙa take shiga, suka faɗa. Bulus ya ɗora ƙaho yana kwaikwayo, na ɗaya da na biyu, sake duka, na biyu kaɗai. Sai dai akwai matsala. Danni iri ɗaya yana ba da sauti kala-kala, ya danganta da yadda ka matse leɓe, yatsa ba zai gaya maka sama ne ko ƙasa ba. Bulus ya zaɓi na ƙasa, don can ya saba. Masta ya yi wani gurnani, girarsa ta dama, wadda ita ce mai aiki, ta ɗaga sama har ta kusa shiga gashi. Bulus ya hau. Girar ta ƙara ɗagawa. Ya ƙara hawa. Girar ta sauko ta zauna.

To haka muka yi ta yi. Yatsu su ba da danni, gira ta ba da hawa da sauka, Bulus ya yi kuskure, hannu ya daki kujera, a koma farko. Da muka haɗa layi na farko ya fito cikakke, wallahi tsigar jikina ta tashi. Ita ce! Ina ji na san ta kamar sunana, na rasa yadda aka yi na manta. Alhaji ya manta da ma'ajin masallaci, hula ta faɗi yana ta wulwula sanduna yana ihu da Fillanci. Wata tsohuwa daga ƙofa ta ajiye bokiti ta shigo tana juyawa hagu. A wajen da waƙar take hawa can ƙololuwa, girar Masta ta tafi sama ta ƙi saukowa, Bulus ya cika ƙirji ya matsa, sai haƙoran roba suka yi tsalle suka faɗa cikin bargo. Gidan ya kwashe da dariya. Masta ma kafaɗarsa tana girgiza, rabin bakin nan yana dariya, hawaye yana zuba ta ido ɗaya. Bulus ya ɗauka ya goge a riga ya mayar, ya ce, "Masta, duk tsawon zamanmu ba ka bar ni na hau nan ba, yau kuma ka ce sai na kai?" Hannu ya daki kujera. Muka koma farko, kuma a wannan karon ya kai.

Kafin magariba mun busa "Jirgi Ya Iso" daga farko har ƙarshe, ba rami. Na yi farin cikin da ban taɓa yi a kan wani dandamali ba. Muka sauke ƙaho muna haki. Hanatu tana tsaye ta toshe baki da hannu biyu. Ta ce, "Kawu, ashe duk watannin nan waƙa nake kashe masa? Ni ina cewa ciwo ne. Har man zafi nake shafa masa."

Kafin in buɗe baki Alhaji ya ce, "La ilaha, ku duba!" Yatsun sun sake tashi, kuma ba waccan ba ce, wata ce dabam. Bulus ya dafe kai ya ce, "Wayyo leɓena. Wannan kuma wacce ce?" Hanatu ta ruga ta kawo kunu, ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba, ba wanda zai sake hura komai sai ka sha." Ya harare ta, ya harare mu, ya buɗe baki.

Daga nan kullum la'asar muna Luggere. Alhaji ya riƙa rufe shago da wuri yana ce wa mutane zai je duba mara lafiya, kuma ba ƙarya ya yi ba. Wasu waƙoƙin mun kama su, suna nan a hannun Bulus, duk mai so ya je Yolde Kohi ya koya, ba a rufe ƙofa yanzu. Wasu mun samu rabi. Da ruwan farko ya sauka muna tsakiyar wata mai sanyi, wadda ko sunanta ba mu tuna ba, sai Hanatu ta aiko da safe cewa kada mu zo da kayan busa.

Na shiga ɗakin na same shi a kwance, rai ya yi halinsa, an ja masa bargo har wuya. Hannun dama yana waje, a kan bargon, inda ta bar masa shi.